Ƙauyukan Aro da Tarihin Jinyar Masu Taɓin Hankali a Cikin Jama'a

Aro unguwa ce a gefen birnin Abeokuta, hedikwatar jihar Ogun ta yanzu, wadda sunanta ya daɗe da zama ɗaya da asibitin masu taɓin hankali a bakin mutanen kudu maso yammacin Nijeriya, kamar dai yadda Bakano yake gane abin da ake nufi idan aka ce a kai wane Dawanau, ko Basakkwace idan aka ambaci Kware. Amma abin da ya shigar da sunan cikin littattafan likitanci na duniya wasu ƙananan ƙauyuka huɗu ne da suke kewaye da asibitin, inda tun daga shekarar 1954 aka riƙa saukar da marasa lafiya a gidajen manoma, kowanne tare da wani ɗan'uwansa, maimakon a kulle su a ɗakuna masu tagogin ƙarfe. Tarihin waɗannan ƙauyuka yana ɗauke da wata tambaya da har yau masana ba su gama da ita ba, wato gwargwadon amfanin jinyar da ba ta ƙwaya ko allura ba, irin sauraro da zance da nasiha da zama cikin mutane, wajen mayar wa mutum da hankalinsa da kwanciyar ransa.

Kafin kafuwar Aro, wanda hankalinsa ya gushe a Nijeriya ɗayan wurare biyu yake ƙarewa. Mafi yawansu suna hannun danginsu, ana kai su wajen masu maganin gargajiya ko malamai ko masu addu'a na coci, kuma idan mutum ya fara duka ko ɓarna sai a sa masa mari a ƙafa, ko a ɗaure shi a turu, wato gungumen icce mai nauyi da ake huda shi a zura ƙafar mara lafiya don kada ya gudu. 'Yan kaɗan da suka dami hukuma a kasuwa ko a bakin hanya su ne suke faɗawa hannun gwamnatin mulkin mallaka, wadda ta buɗe gidan mahaukata a Kalaba a 1904, ta kuma buɗe wani a Yaba ta Legas a 1907 cikin wani tsohon ginin hukumar jirgin ƙasa. Dokar da aka kafa a 1916 ta ba alƙalai da likitocin gwamnati ikon tsare duk wanda suka yanke cewa mahaukaci ne, kuma a wurare da yawa, har da lardunan Arewa, wani sashe na gidan yari ne ake keɓe musu, gandirobobi su ne masu lura da su. Tsarewa ce manufar waɗannan gidaje, magani bai shiga lissafi ba. Gwamnatin ta sa likitoci sun zagaya sun rubuta rahoto a kan halin da ake ciki, ɗaya a 1928, wani a 1936, duka sun koka da cunkoso da ƙazanta, amma shawarwarinsu suka kwanta a cikin fayil saboda ba a shirya kashe kuɗi a kan wannan sha'ani ba. Sai a 1944 aka mayar da wani gidan yari da ke Lantoro, a cikin Abeokuta, wurin ajiye sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu da taɓin hankali, kuma daga nan ne aka ɗauko shirin gina babban asibiti a Aro.

Rashin kuɗi ba shi kaɗai ya hana a yi jinya ba, akwai kuma wata aƙida da ta yi kaka-gida a zukatan likitocin zamanin. J. C. Carothers, wanda ya shugabanci asibitin Mathari na Nairobi a Kenya, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya wani littafi a 1953 a kan tunanin mutumin Afirka, kuma a rubuce-rubucensa ya yi da'awar cewa baƙar fata ba ya cika kamuwa da ciwon damuwa, domin wai ba ya zurfafa tunani a kan kansa, har ya kwatanta shi da Baturen da aka yi wa tiyata aka yanke jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwarsa. Illar wannan magana a fili take, domin likitan da ya yarda cewa mara lafiyarsa ba shi da wani abu a zuci ba zai ɓata lokaci ya zauna ya saurare shi ba.

Thomas Adeoye Lambo, wanda aka haifa a Abeokuta a 1923, ya karanta likitanci a Jami'ar Birmingham ta Ingila, sannan ya ƙware a fannin ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley na Landan, ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya sami wannan ƙwarewa. Da ya dawo gida a 1954 aka ba shi ragamar Aro, sai ya tarar ba a gama ginin ɗakunan kwanciya ba, ma'aikata 'yan kaɗan ne, jama'a kuma suna gudun duk wani abu da ya yi kama da gidan mahaukatan gwamnati, domin sun san wanda ya shiga ba ya cika fitowa. Lalura ce ta fara haifar da tsarin ƙauyukan, daga baya aka gina masa hujjojin ilimi, kuma wannan bai rage masa daraja ba. Lambo ya zauna da dagatai da masu gidaje na ƙauyukan da ke maƙwabtaka da asibitin, suka daidaita a kan cewa za su ba marasa lafiya hayar ɗakuna, asibiti kuma zai ba su rancen faɗaɗa gidajensu, ya jawo musu ruwan famfo, ya haƙa musu masai, ya kuma yaƙi sauro. Manomin da jiya yake tsallake hanya idan ya hango mahaukaci sai ga shi yana karɓar kuɗin haya daga hannun iyayensa, matarsa kuma tana sayar musu da abinci.

Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne ba a karɓar mara lafiya shi kaɗai, sai ya zo da mai jinya, galibi uwa ko 'yar'uwa ko gwaggo, wadda za ta zauna da shi a ɗaki ɗaya har ranar sallama. Mai karatu Bahaushe ya san wannan mutum sarai, domin ita ce ake gani a kowane asibitin Arewa da tabarmarta da butarta da kwanukan abinci a gefen gado, sai dai a Aro an ɗauke ta daga matsayin mai hidima an mayar da ita wani ɓangare na maganin kansa. Ita take dafa masa irin abincin da ya saba da shi, ita take raka shi asibiti da safe ta jira shi, ita take gaya wa malamin jinya ko ya yi barci daren jiya, ko ya ci abinci, ko ya koma surutu shi kaɗai. Tana kuma ganin wasu uwaye da suke cikin irin halinta, tana ganin waɗanda suka sami sauƙi ana sallamarsu, ta yadda idan ta koma garinsu za ta koma da sanin yadda ake zama da shi da alamomin da za su nuna ciwon yana neman dawowa. Da rana marasa lafiya suna komawa ƙauye, wasu su bi masu gida gona, wasu su yi saƙa ko sassaƙa, wasu su zauna a kasuwa, kuma akwai malaman jinya da suke kwana a wani ƙaramin ɗakin shan magani cikin ƙauyen saboda abin da ka iya tasowa da dare. A lokacin da tsarin yake kan ganiyarsa, ƙauyukan suna ɗaukar marasa lafiya tsakanin 200 zuwa 300.

Bai kamata a ɗauka cewa zance da zumunci kaɗai ake yi a Aro ba. A asibitin da suke zuwa da safe ana yi musu jinyar lantarki, wato a ratsa ƙwaƙwalwa da ɗan ƙaramin ƙarfin wuta don a tayar da jijjiga irin ta farfaɗiya, ana kuma yin jinyar insulin wadda ake sumar da mutum da gangan ta hanyar rage sukarin jininsa, hanyar da duniya ta yi watsi da ita daga baya saboda haɗarinta. An kuma yi sa'a tsarin ya zo daidai da fitowar ƙwayar kulofuromazin, wadda likitocin Faransa suka fara gwadawa a kan masu taɓin hankali a birnin Paris a 1952, kuma ita ce ta farko da take kwantar da mai tsananin ruɗu ba tare da an ɗaure shi ba.

Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne shigo da masu maganin gargajiya na Yarabawa cikin aikin. Lambo ya lura cewa kusan duk wanda aka kawo masa ya riga ya biya ta wajen babalawo, wato mai duba na addinin Ifa, ko wajen mai maganin sassaƙe da saiwoyi, kuma zai sake komawa can bayan sallama ko likita ya so ko bai so ba. Maimakon ya yaƙe su sai ya ɗauki wasu daga cikinsu suna zama da marasa lafiya, suna fassara musu mafarki, suna jagorantar taron kiɗa da rawa da yanka, suna kuma bayyana wa likita abin da dangi suka ɗauka shi ne sanadin ciwon. Hujjarsa ita ce mara lafiya yana buƙatar a gaya masa dalilin abin da ya same shi da harshen da zai karɓa, kuma mai maganin da ya tashi a cikin al'ummar ya fi wanda ya yi karatu a Landan iya wannan aiki. Su kansu masu maganin ba hannu sake suke ba, domin Raymond Prince, likita ɗan Kanada da ya yi aiki a Aro a ƙarshen shekarun 1950, ya rubuta cewa suna shayar da marasa lafiya saiwar wata bishiya da Yarabawa suke kira asofeyeje, wadda take ɗauke da sinadarin risafin mai kwantar da hankali, irin wanda kamfanonin magani suka fara sayarwa a wannan zamanin. Lambo ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba: likita Tijjani al-Mahi a Sudan ya riga shi haɗa kai da malamai masu rubutu da tofi, ya kuma nazarci zar, wanda yake ɗan'uwan borin ƙasar Hausa ne, a garin Geel na Beljiyam kuma an shafe ɗaruruwan shekaru magidanta suna riƙon masu taɓin hankali a gidajensu.

Lambo ya ba da rahoton cewa marasa lafiyar ƙauyuka sun fi na ɗakin kwanciya saurin samun sauƙi, ciwon bai cika dawo musu ba, kuma kuɗin da ake kashewa a kansu kaɗan ne. A nan ne tarihin Aro ya haɗu da wata muhawara da take gudana a Turai. A 1952 Hans Eysenck, masanin halayyar ɗan Adam a Maudsley ɗin da Lambo ya yi karatu, ya wallafa wata maƙala da ta ce kimanin kashi biyu cikin uku na masu ƙananan cututtukan damuwa da fargaba suna warkewa cikin shekara biyu ko an yi musu jinyar magana ko ba a yi ba, don haka likitan da ya ga mara lafiyarsa ya warke ba shi da tabbacin cewa shi ya warkar da shi. Hanyar da aka amince da ita don warware irin wannan shakka ita ce gwajin ƙuri'a, wato a tara marasa lafiya masu ciwo iri ɗaya, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a ba da zaɓin likita ba, a yi wa kashi ɗaya jinyar a bar ɗayan a kan abin da aka saba, sannan a auna su duka bayan wani lokaci, kamar yadda aka yi wa maganin tarin fuka a Ingila a 1948. Ba a yi wa tsarin Aro irin wannan gwaji ba. Waɗanda ake saukewa a ƙauye su ne waɗanda suke da dangi masu halin barin gona da kasuwa su zo su zauna watanni, masu faɗa da waɗanda ciwo ya daɗe a jikinsu da waɗanda kotu ta turo kuwa Lantoro ake kai su, kuma mutumin da yake da uwa mai biyo shi har wani gari tun farko ya fi wanda aka tsinta a tasha damar warkewa. Ban da haka, an zuba ƙwaya da lantarki da mai jinya da babalawo a tukunya ɗaya, ba wanda zai iya tsame ɗaya ya ce ga rabonsa a cikin waraka.

Duk da haka, binciken da ya fito daga wannan wuri ya rushe maganar Carothers. A 1961, shekarar da aka yi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abeokuta, Lambo da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell ta Amurka suka bi ƙauyukan Yarabawa gida-gida suna tambayar mutane halin da zukatansu suke ciki, kuma littafin da suka fitar a 1963 ya nuna cewa damuwa da fargaba da rashin barci suna nan a tsakaninsu kamar yadda aka same su a wani yanki na Kanada da aka yi irin wannan bincike. Bayan haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sawun masu sikizofiriniya, wato taɓin hankali mai tsanani da mutum yake jin muryoyin da babu su ko ya yi imani da abin da ba shi da tushe, a birane tara na duniya, sai aka ga bayan shekara biyu marasa lafiyar Ibadan da na Agra ta Indiya sun fi na Landan da Washington murmurewa. Mutane da yawa suka danganta wannan da ƙarfin zumunci, ko da yake masu bincike na baya sun ja hankali cewa akwai waɗanda suka ɓace ko suka mutu ba a saka su cikin lissafi yadda ya kamata ba, kuma zumuncin da yake riƙe mara lafiya shi ne wani lokaci yake sa masa mari.

Lambo ya bar Aro a 1963 ya koma Jami'ar Ibadan, ya shugabance ta daga baya, sannan ya tafi Hukumar Lafiya ta Duniya inda ya riƙe muƙamin mataimakin babban darakta har 1988. Tolani Asuni ya gaje shi a Aro ya ci gaba da tsarin, amma birnin Abeokuta ya yi ta faɗaɗa har ya haɗiye ƙauyukan, manoma suka zama masu gidajen haya da suke da ma'aikata da ɗalibai masu biya fiye da mai jinya, asibiti kuma ya sami ɗakunan kwanciyarsa. Ba wata doka aka kafa aka rufe ƙauyukan ba, sun dai dusashe ne sannu a hankali.

A wannan tsakanin ne awon da Aro bai samu ba ya bunƙasa a wasu ƙasashe. A 1977 Mary Lee Smith da Gene Glass suka haɗa sakamakon bincike 375 suka yi musu lissafi guda, suka gano cewa matsakaicin wanda aka yi wa jinyar magana ya fi kashi 75 cikin ɗari na waɗanda ba a yi wa ba samun sauƙi, abin da ya raunana da'awar Eysenck. Sai dai nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun rage wa wannan adadi tsawo, domin an gano cewa binciken da bai nuna nasara ba yakan tsaya a aljihun tebur ba a buga shi, kuma gwada wanda ake jinya da wanda aka ce ya jira layi yana ƙara wa jinyar kwarjinin da ba nata ba. Masana sun kuma bambanta abu biyu da a da ake haɗa su, wato gushewar alamomin ciwo da samuwar walwala, wadda ta ƙunshi gamsuwa da rayuwa da jin cewa mutum yana da amfani a cikin mutanensa. Wani babban nazari da masu bincike na Ostireliya suka wallafa a 2021, wanda ya tattara gwaje-gwajen ƙuri'a 419 da suka ƙunshi mutum 53,288, ya nuna cewa irin waɗannan hanyoyi suna ƙara walwala ga masu lafiya da marasa lafiya, amma ƙarin daga kaɗan ne zuwa matsakaici, ya kuma danganta da irin mutanen da yawan zaman da aka yi da su.

Gwajin da ya fi kusa da ruhin Aro an yi shi ne a Zimbabuwe, inda likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata ma'aikatan lafiyar unguwa, suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna sauraron masu fama da abin da mutanen Shona suke kira kufungisisa, ma'anarsa yawan tunani, kamar yadda Bahaushe yake cewa tunani ya yi wa wane yawa. A zama shida tsohuwar takan taimaki mutum ya jero matsalolinsa, ya zaɓi guda wadda za a iya taɓawa, ya tsara abin da zai yi a kanta kafin zama na gaba. Sakamakon da aka buga a 2016, daga mutum 573 a asibitoci 24, ya nuna cewa bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna a bencin ne suke da alamomin ciwon damuwa, alhali a ɗaya ɓangaren sun kai kusan kashi 50. A 2020 kuma Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da suka yi a Ibadan da Kumasi ta Gana a kan mutum 307 masu taɓin hankali mai tsanani da suke kwance a wuraren masu maganin gargajiya da masu addu'a, inda aka sa ma'aikatan lafiya na matakin farko suna ziyartar wasu daga cikin wuraren suna aiki tare da masu su. Waɗanda aka yi wa jinyar haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi bayan wata shida, ɗaure marasa lafiya da mari kuma ya ragu ƙwarai a ɓangarorin biyu. Wannan shi ne karo na farko da aka ɗora hasashen Lambo game da masu maganin gargajiya a kan sikeli a ƙasar da ya fara shi, shekara 66 bayan saukar baƙin farko a ƙauyukan, kuma hasashen ya tsaya, da sharaɗin cewa maganin asibiti yana cikin haɗin.

Aro a yau asibitin gwamnatin tarayya ne mai ɗakunan kwanciya da makarantar horar da malaman jinya, ɗan'uwan na Barnawa a Kaduna da na Kware da na Maiduguri, kuma a duk faɗin Nijeriya, mai mutum sama da miliyan 200, ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba. Ɓangaren tsarin da ya fi arha, wato horar da mai jinya da jawo masu maganin da jama'a suka riga suka amince da su, shi ne aka bari ya lalace, aka riƙe gine-ginen. Dokar mahaukata ta 1958, wadda ta gaji ta 1916 kusan kalma da kalma, ita ce ta ci gaba da aiki har zuwa watan Janairun 2023, lokacin da aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa.